WUTAR BABUR: YADDA AKE GANE LAIFINTA DA YADDA AKE GYARA TA

GABATARWA

Babur ya daɗe da shiga cikin rayuwar mutanen Nijeriya, birni da ƙauye. A shekarar 1975, sa'ad da aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin albashin nan da aka fi sani da Udoji, malaman makaranta da akawuna da malaman gona da yawa sun sayi babura, irin su Honda Benly, da Yamaha YB100, da Suzuki A100, da Vespa. A cikin wannan shekara ce kuma kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fito da CG125, wanda aka ƙera musamman domin ƙasashen da hanyoyinsu ke da wahala, masu babura kuma ba su cika kai su wurin dubawa a kan kari ba. A 1979 kamfanin ya kafa reshensa na harhaɗa babura a Ota, cikin Jihar Ogun. Waɗansu daga cikin baburan wancan zamani har yanzu suna bisa hanya, sun wuce daga hannun uba zuwa hannun ɗa.

Wanda ya san ƙasar Katagum ta Jihar Bauci ya san darajar irin wannan abin hawa. Babbar hanyar da ta taso daga Kano zuwa Maiduguri ta ratsa Jama'are da Azare, ta wuce Fataskum. Amma da zarar mutum ya sauka daga kan kwalta ya nufi ƙauyukan Zaki, ko na Gamawa, ko na Itas da Gadau, ko na Shira, sai rairayi da burtali da fadama. Tsakanin Azare da tsohon garin Katagum, inda Malam Zaki ya kafa gadon sarauta a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, akwai kimanin kilomita 70. A irin waɗannan wurare da babur ake kai taki gona, da shi ake kai amfani kasuwa, da shi kuma ake ɗauko majinyaci ko mace mai naƙuda cikin dare zuwa asibiti. Ranar da ya ƙi tashi, abin da za a rasa yana iya wuce kuɗi.

Yawancin ranakun da tsohon babur ke ƙin tashi, laifin yana wajen wuta ne. Mutane da yawa kuwa sukan yi ta sayen kaya bisa ka-cici-ka-cici: yau fulogi, gobe kwayil, jibi kafireta, alhali kuwa wata 'yar waya ce ta kwance. Manufar wannan darasi ita ce a koya wa mai babur yadda zai bi sawun laifi daki-daki, ya gyara abin da zai iya, ya kuma san lokacin da ya kamata ya miƙa aikin ga makaniki.

ABUBUWA UKU DA INJI KE BUKATA

Kowane injin fetur yana bukatar abubuwa uku kafin ya tashi. Na ɗaya, mai gauraye da iska daidai gwargwado, wannan aikin kafireta ne. Na biyu, matsi, watau fistan ya matse wannan gauraye a cikin silinda. Na uku, tartsatsin wuta mai ƙarfi wanda zai faɗo a daidai lokacin da ya dace. In ɗaya ya ɓace, sauran biyun ba su da amfani.

Saboda haka kafin ka ɗora wa wuta laifi, sai ka fara da abin da ya fi sauƙi. Duba tanki ka ga ko akwai mai. Duba famfon mai ka ga ko a buɗe yake. Cire tiyon da ke shiga kafireta ka ga ko mai yana zuba sosai. Sa'an nan ka taka kik a hankali: in ka ji yana turjewa, akwai matsi, in kuwa ya tafi salalala ba turjiya, to, maganar ringi ce ko bawul, ba ta wuta ba. In mai da matsi sun tabbata, sai a juya ga wuta.

YADDA WUTAR KE SAMUWA

Batirin tsohon babur yakan ba da bolt 6 ne, na baya-bayan nan kuma bolt 12. Wannan ƙarfi ba ya isa ya tsallaka ko da kaurin gashi cikin iska. Kafin tartsatsi ya tsallaka bakin fulogi a cikin silinda, ana bukatar bolt dubu goma ko fiye. Abin da ke ɗaga ƙarfin shi ne kwayil.

Asalin wannan hikima tun 1831 ne, sa'ad da wani masani na Ingila, Michael Faraday, ya gano cewa canjin ƙarfin maganaɗisu kusa da naɗaɗɗiyar waya yana haifar da lantarki a cikinta. A cikin kwayil akwai naɗi biyu a jikin sandar ƙarfe ɗaya. Naɗi na fari wayarsa mai kauri ce, zagayensa kaɗan ne. Naɗi na biyu wayarsa siririya ce ƙwarai, zagayensa dubbai ne. In lantarkin da ke cikin naɗi na fari ya canza farat ɗaya, sai naɗi na biyu ya haifar da ƙarfi mai yawan gaske, ya bi babbar waya, ya shiga hular fulogi, ya tsallaka bakin fulogi, ya kunna mai.

Abin da ke kawo wannan canji a tsofaffin babura shi ne kontak, watau waɗansu 'yan ƙarafa biyu masu baki da baki, waɗanda wani tozo da ke juyawa tare da inji yake buɗewa, sifirin kuma ya rufe su. A riƙe wannan ƙa'ida da kyau: tartsatsi yana faɗowa ne a lokacin da kontak ya fara buɗewa, ba lokacin da ya rufe ba. Kusa da kontak kuma akwai kondansa, wani ɗan gwangwani ƙarami. Aikinsa shi ne ya shanye lantarkin da ke neman tsallaka bakin kontak sa'ad da yake buɗewa, domin yankewar ta zama sharaf, bakin kuma kada ya ƙone.

IRE-IREN WUTAR BABUR

Wutar babur iri uku ce, wajibi ne kuwa mutum ya san wadda ke jikin nasa.

Ta ɗaya ita ce ta magineto. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da magineto mai ƙarfi haɗe da fulogi a 1902. A babura irin su Honda C70, da CG125 na farko, da YB100, da A100, akwai wani faifai mai nauyi a gefen inji, maganaɗisu yana manne a cikinsa. In ya juya sai ya haifar da lantarki cikin wani ƙaramin naɗi da ke ƙarƙashinsa. Irin wannan babur yakan tashi ko da batirinsa ya mutu.

Ta biyu ita ce ta batir da kwayil, wadda Charles Kettering na Amurka ya daidaita wajen 1910. Irinta ce a jikin Honda CD175. A nan batir ne uwa: in ya yi sanyi, tartsatsi ma ya yi sanyi.

Ta uku ita ce ta CDI, wadda ta yawaita a ƙananan babura tun daga wajen 1980, ita ce kuma a jikin yawancin baburan Indiya da Sin da ke kasuwa. Ba ta da kontak. Wani ɗan akwati ne baƙi ke tara lantarki, ya sake shi cikin kwayil sa'ad da wani ƙaramin naɗi kusa da faifai ya ba shi alama.

KAYAN AIKI DA KIYAYE KAI

Kada mai babur ya yi doguwar tafiya ba tare da waɗannan ba: sufanar fulogi, da sukundireba iri biyu, da filaya, da fulogi sabo guda, da guntun sanfefa mai laushi, da salatif na wuta, da tsumma mai tsabta, da tocila. Wanda ya sami hali ya ƙara da ma'aunin tsakani, wanda makanikai ke kira filageji, da kuma mitar gwada lantarki.

Ga sharuɗɗa huɗu da ba a karya su. Kada a gwada tartsatsi kusa da inda mai ya zube, ko a daidai bakin ramin fulogi, gama tururin fetur yana kamawa nan take. Kada a sha taba ko a kusanto da fitilar kwai wurin aiki. Kada a riƙe ƙarfen fulogi da hannu ana taka kik. A riƙe ta roba, ko da filaya mai hannun roba. Kada kuma a bar inji yana aiki cikin ɗaki ko zaure a rufe, domin a cikin hayaƙinsa akwai iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kuwa kisa.

BINCIKE MATAKI-MATAKI

Dokar bincike ita ce a fara daga ƙarshe a koma asali, watau daga fulogi a nufi magineto ko batir, ana gwada abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya taɓa abu uku gaba ɗaya, ko babur ya tashi ba zai san abin da ya gyara ba.

Mataki na 1: Karanta fuskar fulogi. Share ƙasar da ke kewaye da shi kafin ka kwance, domin kada ta faɗa cikin silinda. In bakinsa ruwan ƙasa ne, busasshe, inji lafiya lau yake. In baƙi ne busasshe kamar kunkunniya, mai ya yi yawa, ko matatar iska ta toshe, ko an bar cok a ja, ko kuma tartsatsi ba shi da ƙarfi. In baƙi ne mai maiƙo, baƙin mai yana haurowa ta ringi, ko kuwa, a inji mai bugu biyu, man 2T ya yi yawa. In fari ne fat, ko bakin ya fara narkewa, inji yana zafi fiye da kima, wannan kuwa alama ce mai hatsari. In ya jiƙe da fetur, mai yana zuwa amma ba ya kamawa.

Mataki na 2: Gwada tartsatsi. Mayar da fulogi cikin hularsa, ka kwantar da zarensa a jikin ƙarfen inji nesa da ramin, ka buɗe makulli, ka taka kik. A inuwa ake wannan gwaji, domin hasken rana yana ɓoye shi. Tartsatsi mai lafiya shuɗi ne, mai kauri, yana ƙara ƙyas-ƙyas. In ja ne siriri, ko yana zuwa yana ɗaukewa, akwai laifi. In babu ko kaɗan, sa sabon fulogi ka sake gwadawa. In sabon ya ba da wuta, bincike ya ƙare.

A lura da wani abu da ke ruɗin mutane: tartsatsi ya fi samun sauƙin tsallakawa a fili bisa ga cikin silinda, inda iska ke matse. Saboda haka fulogi yana iya nuna wuta a waje, a ciki kuwa ya kasa.

Mataki na 3: Gwada hula da babbar waya. Murɗe hular ka cire ta daga waya. Riƙe wayar da filaya mai roba, bakinta ya yi nisan kimanin milimita 6 daga jikin inji, ka taka kik. In wuta ta tsallaka wannan tazara, kwayil da abin da ke bayansa lafiya suke, laifin yana cikin hula. Huluna da yawa suna da wani ɗan matsi a ciki mai ƙarfin om 5,000, wanda yakan ƙone. In bakin wayar ya yi tsatsa ko kore, datse kamar santimita ɗaya ka murɗa hular cikin sabon wuri. In robar wayar ta tsattsage, wuta za ta riƙa tserewa zuwa jikin babur. Da dare ma ana iya ganinta tana walƙiya.

Mataki na 4: Gwada makulli da wayoyi. A babur mai magineto, makulli yana kashe inji ne ta hanyar zubar da wuta cikin jikin babur. In ruwa ko tsatsa ya shiga makulli, sai ya riƙa zubar da ita ko da an buɗe shi. A baburan Honda masu magineto, waya baƙa mai ratsin fari ita ce ta kashewa, koriya kuwa ita ce ta jiki. Zare baƙar mai ratsin fari daga makulli ka taka: in wuta ta dawo, makulli ne ko wayarsa. Ka tuna fa, muddin tana zare, makulli ba zai kashe inji ba. Bayan wannan ka bi wayoyi da ido da hannu, musamman a wuyan babur inda kai ke juyawa, da ƙarƙashin tanki, da inda waya ke fitowa daga inji. Duba kuma kusar da ta riƙe kwayil, gama ta nan wutar ke komawa jiki.

Mataki na 5: Gwada batir, in babur mai batir da kwayil ne. Danna ham, kunna fitila. In ham ya yi shaƙe, fitila kuma ta yi ja, batir ya yi sanyi. Batir mai bolt 6 gidaje uku gare shi, cikakke yakan nuna kimanin 6.3 a mita. Mai bolt 12 gidaje shida, yakan nuna kimanin 12.6. Duba fiyus, ka kankare kan batir in ya yi farin gari. Kada a maye gurbin fiyus da waya ko takardar azurfa, gama fiyus yana ƙonewa ne domin kada babur ya ƙone.

Mataki na 6: Duba kontak da kondansa. Buɗe murfin gefe, ka juya inji a hankali kana kallo. Kontak yana buɗewa yana rufewa? Bakinsa fari ne sumul, ko ya ƙone ya yi rami da tudu? Akwai mai a kansa? In ka taka kik ka ga wuta mai yawa tana tartsatsi a bakin kontak, ga shi kuma ya ƙone ya yi baƙi, to, kondansa ya mutu ko wayarsa ta kwance. Ba a gyara kondansa, sake shi ake yi, kuma ya fi kyau a sake shi tare da kontak.

Mataki na 7: Kwayil da naɗin magineto. Su ne na ƙarshe da za a zarga, domin sun fi tsada, kuma ba su cika mutuwa ba kamar yadda ake tsammani. Da mita ake gwada su: naɗi na fari yakan nuna om kaɗan, na biyu kuwa dubbai, in mita ba ta motsa ba, waya ta tsinke a ciki. Hanya mafi tabbas ita ce a aro irinsa daga babur mai lafiya a gwada kafin a saya. Haka nan ake yi da akwatin CDI. Akwatunan nan iri biyu ne, mai shan wuta daga magineto da mai sha daga batir, ba sa kuwa maye gurbin juna ko da bakinsu ya yi kama.

GYARAN KONTAK DA DAIDAITA LOKACI

In bakin kontak ya ɗan yi datti kawai, ninka sanfefa mai laushi ka zura tsakani, ka ja sau kaɗan. Sa'an nan ka zura farar takarda mai tsabta ka ja har sai ta fito fes, domin ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta hana shi rufewa.

Bayan wannan sai awo. Juya inji har kontak ya buɗe iyakar buɗewarsa. A yawancin ƙananan baburan Japan, tazarar da ake so ita ce milimita 0.3 zuwa 0.4. Sassauta sukurun da ya riƙe shi, ka matsa har ma'auni ya shiga da 'yar turjiya, ka ɗaure, ka sake aunawa, domin ɗauri yakan motsa shi. In babu ma'auni, reza mai baki biyu kaurinta kimanin milimita 0.1 ne, guda uku ko huɗu a haɗe sun yi kusa da awon, sai dai a kula da yatsu. Tazarar bakin fulogi kuwa milimita 0.6 zuwa 0.7 ce, watau kusan kaurin ruwan zarton yankan ƙarfe. Ƙarfen gefe ake lanƙwasawa, ba a taɓa na tsakiya.

Sai lokaci. Mai yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya gama kamawa, don haka ake sakin tartsatsi kaɗan kafin fistan ya kai ƙololuwa. A jikin faifan Honda akwai haruffa biyu: T yana nuna fistan ya kai ƙololuwa, F kuwa yana nuna inda wuta za ta faɗo. Sauran babura ma suna da layi makamancin wannan. Zura siririyar takarda tsakanin kontak yana rufe, ka juya faifai a hankali ta inda inji ke juyawa, kana jan takardar kaɗan. Daidai sa'ad da ta saki, nan ne kontak ya fara buɗewa, lalle ne kuma F ya zama yana fuskantar alamar da ke jikin inji. A babur mai batir ana iya sa ƙwan fitila tsakanin wayar kontak da jikin inji, makulli a buɗe: ƙwan yana kamawa da zarar kontak ya buɗe.

A irin su C70 da CG125 na farko, da tazarar kontak ake gyara lokaci: in an ƙara ta, wuta ta zo da wuri, in an rage, ta zo a makare. In ba a iya samun lokaci daidai ba sai an fita daga 0.3 zuwa 0.4, dugadugin kontak ya cinye, a sayi sabo. A irin su CD175 kuwa, farantin da kontak ke zaune a kai ake juyawa. In an gama, a ɗiga ɗigo ɗaya na baƙin mai a kan ɗan audugar da ke shafar tozo. Ɗigo ɗaya, ba biyu ba.

In aiki ya kai ga cire faifan magineto, akwai abin jansa na musamman. Kada a yarda a buge shi da guduma, gama duka yana raunana maganaɗisu, yana kuma iya lanƙwasa sandar inji.

ALAMOMI DA FASSARARSU

In kik yana harbin ƙafa, inji kuma yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani sa'ad da yake hawa tudu, wuta tana zuwa da wuri. Barin haka yana iya huda fistan.

In babur ba shi da ƙarfi, yana zafi, yana shan mai, salansa tana harbi, wuta tana zuwa a makare. Sau da yawa dugadugin kontak ne ya cinye, tazara ta ragu.

In yana tafiya lafiya da sanyin safiya, ya mutu bayan ya ɗauki zafi, ya kuma tashi bayan ya huce, a zargi kwayil ko kondansa. Hanyar tabbatarwa ita ce a gwada tartsatsi nan take, tun yana da zafi. In wutar tana nan, a buɗe murfin tanki: in an ji iska ta shiga fus, ramin numfashin murfin ne ya toshe.

In yana yankewa sa'ad da aka shiga gargada ko aka juya kai, waya ce ta kwance ko ta goge.

In akwai tartsatsi mai kyau, akwai mai, akwai matsi, amma ya ƙi tashi sai harbi, musamman bayan faɗuwa ko bayan an taɓa faifai, a duba ɗan ƙarfen nan mai siffar jinjirin wata da ke riƙe faifai a jikin sanda. In ya karye, faifai ya zame, alamar F ta zama ƙarya.

KOWANE LOKACI DA IRIN CUTARSA

Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura takan toshe matatar iska, fulogi ya yi baƙi, takan kuma shiga murfin magineto ta cinye dugadugin kontak. A wanke matata a kai a kai, kada kuma a yi tafiya murfi a cire.

Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi a wannan yanki yakan haura digiri 40. Ruwan batir yana ƙafewa da sauri, robar waya tana bushewa. A duba batir kowane mako biyu, a ƙara masa tataccen ruwan batir har zuwa layi, ba ruwan rijiya ba, ba kuwa asid ba. A babur mai batir da kwayil, kada a bar makulli a buɗe inji a tsaye, gama kwayil zai yi ta zafi har ya ƙone.

Da damina kuwa, mutanen bakin kogin Jama'are da na fadamu sun san yadda ruwa ke cin hanya. In babur ya mutu bayan ketare ruwa, cire hular fulogi ka goge, buɗe murfin magineto ka tsiyaye, ka bar shi ya sha iska. In ruwa ya kai bakin kafireta ko ya shanye inji, kada ka taka kik da fulogi a ɗaure, domin ruwa ba ya matsuwa, yana iya lanƙwasa hannun fistan. Cire fulogi, rufe makulli, ka taka har ruwan ya fita, sa'an nan a juye baƙin mai a zuba sabo.

SAYEN KAYA DA ZUWA WURIN MAKANIKI

Kowane inji da fuloginsa. A lambobin NGK, C70 yana amfani da C7HSA, CG125 da D8EA, YB100 kuma da B7HS. Lambar tsakiya tana nuna yadda fulogi ke zubar da zafi: in ta ƙaru, ya fi sanyi. Wanda ya fi tsawo yana iya taɓa fistan, gajere kuma yana barin zare ya cika da gawayi. Tafi kasuwa da tsohon a hannu. Jabu sun yi yawa, araha kuwa ba ta ado. Al'adar nan ta ƙona fulogi cikin wuta domin a wanke shi tana fasa farin tangaransa. Buroshi da ɗan fetur sun isa. Wajen mayarwa, murɗa shi da yatsu har ya zauna, sa'an nan ka ƙara kimanin rabin juyi da sufana in sabo ne, kaɗan ƙwarai in tsoho ne. Kan silinda na alminiyam ne, zarensa ba ya jure ƙarfi.

In ka kai ga makaniki, gaya masa abin da ka gani filla-filla: yaushe yake mutuwa, da sanyi ko da zafi, wane launi fulogi ya yi, me ka riga ka gwada. Ka roƙe shi ya nuna maka laifin abin da zai cire, ka kuma karɓi tsohon kayanka. Makanikin kirki ba ya jin haushin tambaya. Tsofaffin makanikai da suka ƙware a kan kontak suna raguwa, saboda haka ya kamata matasa masu koyon sana'a su zauna gabansu tun suna nan.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Waɗanne abubuwa uku ne inji ke bukata kafin ya tashi?
2. Yaushe tartsatsi ke faɗowa, sa'ad da kontak ya rufe ko sa'ad da ya buɗe?
3. Me ya sa fulogi zai nuna wuta a waje amma ya kasa a cikin silinda?
4. Nawa ne awon tazarar kontak, nawa ne na bakin fulogi?
5. Me za ka yi in babur ya nutse cikin ruwa?

KAMMALAWA

Tun daga watan Mayu na 2023, sa'ad da aka janye tallafin man fetur, kowace lita ta ƙara daraja a aljihun talaka. Babur mai raunin wuta yana zubar da wani kashi na mansa ta salansa ba tare da ya ƙone ba, mai shi kuwa shi ke biya. Rabin sa'a a ƙarshen kowane wata ta isa a duba fulogi, a auna kontak, a ɗaure wayoyi, a duba ruwan batir. Rigakafi ya fi magani. Wanda ya iya karatu ya karanta wa ɗan'uwansa da bai iya ba, a kuma ajiye wannan takarda tare da kayan aiki, domin ranar bukata. In babur ya tashi, a sa hular kwano, a yi tafiya a hankali. Allah ya kai kowa gida lafiya.